Yadda muka ceto rumbun bayanan wani shagon sari a Jidda

Shagon yana Bab Makka, ana sarin darduma, carbi, turare da jallabiyoyi, kuma galibin masu saye 'yan kasuwa ne da ke yin lodi zuwa Kano, Yamai da Agadas. Kwamfuta shida ce a ciki: uku na masu karɓar kuɗi, ɗaya a sito, ɗaya ta akawu, sai ta shida da suke kira saba, wato wadda ke riƙe bayanan da sauran ke aiki da su. A gaskiya wannan sabar kwamfutar tebur ce ta yau da kullum, an tura ta ƙarƙashin teburin akawu, tana da Windows 10 da faifai guda ɗaya tak irin mai juyawa. A kanta manhajar lissafi take, tana zuba komai cikin SQL Server 2019 Express, wato ƙaramin nau'in manhajar Microsoft mai riƙe rumbun bayanai.

Ƙorafin da aka kira ni a kansa ƙarami ne a ido. Ana ciniki, fatura na fita, amma da akawu ya nemi rahoton kayan da suka fita a wasu watanni, sai manhajar ta cije ta nuna kuskure mai lamba 824. Ma'anar wannan lamba ita ce SQL Server ya karanto wani shafi daga faifai, ya tarar abin da ya dawo ba shi ne abin da ya rubuta ba. Ɗan'uwansa 823 ya fi muni, shi faifan ne ma ya ƙi ba da shafin. Akwai kuma 825, wanda ba wanda yake gani domin ba ya tsayar da aiki: karatu ya gaza a karon farko, aka sake, ya yiwu. Duk sabar da ta fara rubuta 825 ta fara sallama ke nan.

Abu na farko shi ne a daina rubutu a kan rumbun. Na ce da mai shagon, "Alhaji, a dakatar da ciniki ta kwamfuta, kuma kada kowa ya kashe sabar nan ya kunna." Bai ji daɗi ba, domin ana daf da lokacin umara kuma mutane na tsaye. Amma kowace sabuwar fatura rubutu ne a kan faifan da ba a san lafiyarsa ba, kuma a kashe a kunna yana iya sa rumbun da yake buɗe yanzu ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Haka nan ba a cire rumbun daga SQL Server da niyyar a sake maƙala shi, domin lalataccen rumbu sau da yawa in an cire shi ba ya yarda ya koma. Tun da shagon an riga an haɗa shi da Fatoora, tsarin fatura ta intanet na ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, akawu ya sanar da hukumar cewa an sami matsalar na'ura da ta hana fitar da fatura, kamar yadda ƙa'idar ta tanada.

Daga nan sai binciken yaushe abin ya faro. Fayil ɗin ERRORLOG na SQL Server bai taimaka sosai ba, saboda duk lokacin da aka kunna kwamfuta yana buɗe sabo, kuma tsofaffi shida kawai yake riƙewa. Wurin da ake kashe saba kowane dare, tarihin bai wuce na mako guda. Teburin suspect_pages da ke cikin msdb, rumbun da SQL Server ke ajiye bayanan aikinsa, ya fi amfani: yana lissafa shafukan da aka taɓa samu da matsala, da irin matsalar, da ranar ƙarshe da aka ci karo da ita. Sai kuma Event Viewer na Windows, a ɓangaren System. A can na ga saƙon faifai mai lamba 7, wato an sami mataccen gurbi, da 153, wato an sake gwada karatu ko rubutu, suna komawa baya kusan wata biyu. A tsakaninsu kuma akwai Kernel-Power 41 da yawa, alamar kwamfutar ta mutu ba tare da an rufe ta yadda ya kamata ba. Dalilin ya fito nan take: yaron da ke rufe shago yana kashe babban makunnin wuta ne daga bakin ƙofa, saba ko ta gama rufuwa ko ba ta gama ba. Ƙari a kan haka, wani ya taɓa shiga saitin faifan a Device Manager ya kashe umarnin da ke tilasta wa faifai sauke abin da yake riƙe da shi a ɗan ma'ajinsa na wucin gadi, wai don manhaja ta ƙara sauri. Da wannan saiti, faifai na iya cewa ya rubuta alhali bai rubuta ba, wuta na ɗaukewa rabin shafi ya tafi.

CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ta tabbatar da sauran. Lamba 5, guraben da faifan ya riga ya musanya, ta hau sosai. Lamba 197, guraben da ke jiran hukunci, ba sifiri ba ce. Da zarar an ga haka, ba a gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin binciken lafiyar rumbu, a kan wannan faifan, kuma ba a kusantar chkdsk /r, umarnin Windows na binciken faifai. Dukansu suna sa faifai ya karanta komai da ƙarfi, abin da mai jinya ba ya buƙata. Na tsayar da SQL Server, na rufe kwamfutar, na ciro faifan, na haɗa shi da wata kwamfuta da aka tayar da Linux daga filasha, sannan na kwafe shi gaba ɗaya zuwa sabon faifai da ddrescue, manhajar kwafar faifai mai matsala. Zagaye na farko da -n ake yi, ya kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi ya tsallake wurare masu wuya. Na biyu da -r3, ya koma wa matattun guraben har sau uku. Kada a manta da fayil ɗin taswira da ddrescue ke rubutawa, domin in aiki ya katse daga nan yake ci gaba. Bayan an gama, tsohon faifan ya shiga leda ya shiga durowa. Duk abin da ya biyo baya a kan kwafi aka yi shi, kuma kafin kowane gyara sai na sake kwafar fayilolin mdf (na bayanan rumbun) da ldf (na log, wato tarihin canje-canjensa) zuwa wani wuri.

Tambayar da Alhaji ya yi ita ce wadda kowa zai yi: "To ai muna da kwafin ajiya, me ya sa ba za a mayar da na jiya ba?" Suna da shi kuwa. Manhajar tana fitar da fayil ɗin bak, wato kwafin ajiya, kowane dare zuwa D:, tana riƙe bakwai na ƙarshe. Sai dai D: ɗin ɓangare ne na wannan faifan da ke mutuwa. Na 'yan kwanakin ƙarshe ma ba su kammalu ba, domin aikin yana isa mataccen gurbi sai ya tsaya, manhajar kuma ba ta gaya wa kowa. Waɗanda suka kammalu na mayar da su ɗaya bayan ɗaya a wata kwamfuta mai SQL Server 2019, na gudanar da CHECKDB a kan kowanne, kuma duk suna ɗauke da ɓarnar. Wannan shi ne abin da masu shaguna ba su cika sani ba: umarnin BACKUP in ba a ƙara masa WITH CHECKSUM ba, ba ya duba lafiyar shafi, kwasa kawai yake yi, mai kyau da maras kyau. RESTORE VERIFYONLY ma ya ce fayilolin lafiya suke, domin in babu wancan hatimi na CHECKSUM, abin da yake dubawa bai wuce ko fayil ɗin ya cika kuma yana karantuwa ba. Ɓarnar rumbun bayanai kamar gara ce a azara, sai ta gama cin ciki kafin a ga alama a waje, kuma kwafin kwana bakwai bai isa ya kai mutum bayan lokacin da ta shiga ba.

Abin da ya cece mu filashar akawu ce. Yana da ɗabi'ar ɗaukar kwafi duk lokacin da zai shigar da bayanin harajin VAT na wata uku-uku. Na ƙarshen da ya ɗauka ya girmi matsalar da 'yan kwanaki, kuma CHECKDB ya wuce a kansa babu kuskure ko ɗaya.

Duk da haka ba za a mayar da shi kawai a ci gaba da ciniki ba, kuma dalilin ya wuce asarar cinikin wata biyu da lissafin bashin 'yan kasuwar da suka ɗauki kaya. A mataki na biyu na Fatoora, wanda ya fara aiki daga 1 ga Janairu 2023 rukuni-rukuni, kowace fatura tana ɗauke da lambar ƙidaya da ba a yarda a mayar da ita baya ba, da kuma hatimin lissafi na faturar da ta gabace ta. Sarƙa ce. In aka ɗora rumbun wata biyu da suka wuce aka fitar da sabuwar fatura, za ta fito da lambar da aka riga aka yi amfani da ita, ta kuma jingina da faturar da ba ita ce ta ƙarshe a wajen hukuma ba. Saboda haka dole rumbun yau ne zai rayu, tsohon kuma ya zama wurin ɗibar abin da ya ɓace.

Na maƙala kwafin na yau na gudanar da DBCC CHECKDB WITH NO_INFOMSGS, ALL_ERRORMSGS. Sakamakon yana da tsawo, amma abu uku ake nema a kowane layi: lambar tebur, lambar fihirisa, da lambar shafi. Lambar fihirisa, wato jerin da ke saurin kai SQL Server ga layukan tebur, ita ce mai raba gardama. In 2 ce ko sama, fihirisa ce ta taimako, babu bayanin da ke cikinta wanda babu shi a teburin, sai a kashe ta a sake gina ta, ba a rasa komai. A lura, kashewa ake fara yi sannan a gina, domin in aka ce a sake gina ta kai tsaye SQL Server na iya komawa ya karanta lalatacciyar. In kuwa lambar 0 ce ko 1, bayanin ne da kansa. Mafi yawan kurakuranmu na fihirisar taimako ne, suka tafi cikin sauƙi. Ragowar suna cikin teburin da ke riƙe layukan kayan kowace fatura, shafuka kaɗan, amma kowane shafi kilobait 8 ne, kuma a tebur irin wannan yana ɗaukar layuka da dama.

Da rumbun yana kan tsarin FULL, mai adana tarihin kowane canji, tare da kwafin log a jere, da an mayar da waɗannan shafuka kaɗai daga kwafi mai kyau an huta. Yana kan SIMPLE, wanda ba ya adana wannan tarihin, don haka wannan ƙofar a rufe take. Abin da ya rage shi ne REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, kuma sunansa bai ɓoye komai ba. Ba ya gyara shafi, yanke shi yake yi ya ɗinke abin da ya rage don tsarin ya daidaita, bai damu da ko fatura ta rasa rabin kayanta ba. Na sa rumbun a SINGLE_USER, na gudanar da shi a kan kwafin kwafi, na adana duk abin da ya rubuta, na sake CHECKDB har ya fito fes, sannan DBCC CHECKCONSTRAINTS don a ga alaƙoƙin da suka tsinke tsakanin tebura.

A nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan ne masu gyara da yawa suke tsayawa su karɓi kuɗinsu, tun da manhaja ta buɗe kuma rahoto ya daina cijewa. Rahoton ya daina cijewa ne domin layukan sun tafi. Hanyar gano su mai sauƙi ce: kowace fatura tana da jimillarta a teburin kai, sai a tara kuɗin layukanta a teburin kaya a gwada. Duk inda biyun suka saɓa, ko aka sami fatura babu layi ko ɗaya, nan ɓarnar ta taɓa. Waɗanda kwanan watansu ya girmi kwafin filasha, daga can muka ɗebo layukansu, da SET IDENTITY_INSERT a kunne don su koma da lambobinsu na asali. Na bayan nan kuma daga fayilolin XML masu sa hannu muka samo su, waɗanda manhajar ke ajiyewa a wani kundi daban ga kowace faturar da ta aika wa hukuma. A cikinsu akwai sunan kaya, adadi, farashi da harajin kashi 15 cikin ɗari na kowane layi. Wannan mataki da ma'aikacin kamfanin manhajar muka yi shi, domin shi ya san waɗanne tebura ne ke motsi in an saka layi, kada a rage kaya a sito sau biyu. Bayan an gama, akawu ya gwada jimillar kowane wata da takardun rufe ciniki da aka buga, mai sito kuma ya ƙirga wasu kayayyaki da hannu aka gwada da abin da kwamfuta ta ce.

Sai maganar inda rumbun zai koma. Wani ɗan'uwan Alhaji ya kawo shawarar a sayi babbar saba ta hannu, irin ta kamfanoni mai shiga cikin kabad, wai ana samunsu da araha. Ban goyi baya ba. Irin waɗannan suna da ƙara, suna shan wuta, suna fitar da zafi, faifansu ya riga ya sha aiki, ga shi kuma SQL Server 2019 Express ba zai amfana da ƙarfinsu ba: ba ya amfani da fiye da ƙwayoyin sarrafawa huɗu, ma'ajin shafukansa a RAM bai wuce megabait 1410 ba, kuma rumbu ɗaya ba ya wuce gigabait 10. Wanda ya sa masa RAM gigabait 128 ya yi wa kansa ado ne kawai. Ɗora rumbun a kan NAS, akwatin faifai da ake haɗawa da kwamfutoci ta waya, ma ban yarda ba, wurin ajiye kwafi ne, ba wurin da za a riƙa rubuta fatura ta cikin waya ba. Komawa manhajar da ke kan intanet gaba ɗaya zaɓi ne mai kyau ga shago sabo, amma nan akwai tarihin shekaru da tsarin bashi da aka saba da shi, kuma ba a canza manhaja ana tsakiyar kakar ciniki.

Abin da muka saya ƙaramar saba ce mai tsayuwa kamar kwamfutar tebur, da RAM gigabait 16 irin ECC mai gyara kuskuren kansa, da faifan SSD biyu na aikin saba, masu ɗan ma'ajin wuta da ke ba su damar kammala rubutu in lantarki ya yanke, an haɗa su RAID 1, wato kowanne yana ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. RAID yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. In aka goge tebur bisa kuskure ko ƙwayar cutar neman fansa ta shiga, duka faifan biyu za su ɗauka a lokaci guda. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, sai muka ɗauki Windows Server 2022 Essentials, wanda ke ɗaukar mutum 25 da na'ura 50 ba tare da sayen lasisin kowane mai shiga ba. Wajen ƙaura a tuna da takardar shaida da mabuɗin sirrin da manhajar ke sa wa fatura hannu da su. Ko dai kamfanin manhajar ya ɗauko su zuwa sabuwar na'ura, ko a sake rajistar na'urar a shafin Fatoora. In an manta, rumbu zai buɗe lafiya amma fatura ba za ta wuce ba.

Sabar ta bar ƙarƙashin tebur ta koma kan kanta a ɗakin akawu, nesa da ƙurar darduma, a kan layin wutar da makunnin bakin ƙofa ba ya kashewa. An sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, mai ƙarfin 1500VA, kuma abin da ya fi batirin muhimmanci shi ne wayar USB da ke tsakaninsu, wadda ke sa sabar ta rufe kanta in wuta ta yi minti biyar ba ta dawo ba. Mun gwada ta hanyar zare filogi muna kallo. Firinta mai leza ba ta hawa kan UPS. Zafin Jidda kuma yana cin batir: an ƙera su ne don wajen digiri 25, kuma ƙarin digiri goma yana iya raba tsawon ransu biyu, ga shi ana kashe na'urar sanyaya ɗaki da dare. Don haka an rubuta ranar sa batirin a jikinsa, za a riƙa gwada shi, ba za a jira sai ya kumbura ba. Kwamfutocin masu karɓar kuɗi duk an mayar da su kan waya maimakon Wi-Fi, an kuma rufe ƙofar 3389, ta shiga kwamfuta daga nesa, da aka bari a buɗe a rauta don akawu ya riƙa shiga daga gida. Yanzu ta VPN, killatacciyar hanyar shiga ta intanet, yake shiga.

Tsarin kwafin ajiya shi ne inda na fi tsayawa. Rumbun ya koma FULL, an tabbatar PAGE_VERIFY yana kan CHECKSUM. Express ba shi da SQL Server Agent, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, saboda haka Task Scheduler na Windows ne ke kiran sqlcmd, manhajar aika wa SQL Server umarni: cikakken kwafi kowane dare WITH CHECKSUM, kwafin log kowane minti 15 a lokutan ciniki. Duk wanda ya koma FULL bai tsara kwafin log ba, fayil ɗin ldf zai yi ta kumbura har ya cika faifai, shago ya tsaya. Express kuma ba ya matse kwafi da kansa, sai 7-Zip ya matse ya kulle da kalmar sirri. CHECKDB yana gudana kowace Juma'a da safe, lokacin da shago ke rufe.

Tsawon riƙewa shi ne darasin da wannan aiki ya fi nunawa, don haka aka faɗaɗa shi: na kullum 14, na mako-mako 8, na wata-wata 12, na ƙarshen shekara kuma ba a gogewa kafin shekara shida, gwargwadon abin da dokar VAT ta Saudiyya ta ce a riƙe bayanai. Akwatin NAS ne ke zuwa ya ɗauki kwafin da asusunsa na daban, sabar ba ta da ikon goge abin da ke cikinsa. Akwai faifan USB biyu masu makullin sirri na BitLocker da ake musanyawa duk Alhamis, ɗaya na shago ɗaya na gidan Alhaji, mabuɗin buɗe su kuma a rubuce a takarda cikin akwatin kuɗi. Kwafi na uku yana tafiya ajiyar intanet da ke cikin ƙasar, tun da akwai sunaye da lambobin wayar abokan ciniki a ciki kuma dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumba 2023. Fayilolin XML na fatura ma suna cikin abin da ake kwafa.

Saƙon da ke zuwa wa akawu kowace safiya na nasara ne, ba na gazawa ba: sunan fayil, girmansa, da lokacin da ya kammala. Aikin da ya mutu ba ya iya aiko da labarin mutuwarsa, saboda haka ranar da saƙo bai zo ba ita ce ranar kira. Sau ɗaya a wata kuma akawu da kansa yake ɗaukar kwafin daren jiya daga faifan USB, ya mayar da shi a laftof ɗinsa da wani suna daban, a inda ba a haɗa manhajar da Fatoora ba, ya gudanar da CHECKDB, ya gwada jimillar cinikin ranar da takardar rufe ciniki. Matakan suna rubuce a shafi guda da aka manna a jikin bango kusa da sabar.

Rumbun yanzu ya haura gigabait 7, kuma mafi yawan nauyin hotunan kaya ne da manhajar ke cusawa a ciki. Kafin aikin hajji mai zuwa, ko dai kamfanin manhajar ya fitar da hotunan zuwa kundi na waje, ko a rufe tsofaffin shekaru a rumbu na daban, ko Alhaji ya sayi lasisin SQL Server Standard, domin ranar da ya kai gigabait 10 fatura za ta daina fita.